Gurbi na Biyar a Layin Makera

Salamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyata. Waɗanda suka cika mini waya da tambayar ko an sa rana, na ga saƙonninku, amsawa ce ta gagare ni. E, an kusa sawa. Amma kafin wata ta rangaɗa guɗa, ta tsaya ta ji yadda aka yi, don ni tun ranar Asabar ban ci abincin kirki ba.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Rahmatu, shekarata ashirin da bakwai, a Kurfi nake. Mu uku ne a gidan: ni, da Baba, wato Malam Atiku, da mahaifiyarsa Dada wadda na ci sunanta. Shi ya sa Baba ba ya kama sunana, Uwata yake ce mini. Innarmu ta rasu tun ina sakandare. Ƙanwata Saudatu tana ɗakinta a Katsina da 'ya'ya biyu, yayyena maza kuwa sai dai a ji muryarsu a waya ranar Juma'a.

Baba ɗan dara ne. Ba irin wanda ke yi don kashe lokaci ba, a'a, shi dara ce jininsa. Ga waɗanda suka tashi a birni: gurabe talatin ake tonawa a rairayi, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Ɗaya ya riƙe kara goma sha biyu, ɗaya tsakuwa goma sha biyu. A fara dasawa ɗai-ɗai har su ƙare, sannan a shiga turawa. Duk wanda ya jera uku ya ɗauke na abokin karawarsa guda. Shi ke nan dokar, amma a hannun Baba yaƙi ne sosai. Kowane layi ya raɗa masa sunan gari: Kurfi, Birchi, Ɗantutture, Makera, Dutsin-Ma. Shi ne sarkin yaƙi, karansa dakaru, wanda ke gabansa ɗan tawaye. 'Yan kallo ma kowa da muƙaminsa, akwai alƙali, akwai maroƙi, akwai mai kai rahoto fada. Ina ƙarama, in an yi La'asar, gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu ba masaka tsinke. Ranar kasuwa har daga Ɗantutture ake zuwa a keke don a ji yadda Baba zai ci Makera da yaƙi ya kuma ba da labarin yadda sarkinta ya gudu ba wando.

Dalbejiyar tana nan, bencin da ke gindinta ma yana nan, kuma har yau samari na cika shi. Sai dai kowa ya sunkuyar da kai, ya kwantar da waya a tafin hannu, yana buga gem, wasan waya, da wani can a ƙasar da ko a taswira bai san inda take ba. Rannan Baba yana zaure ya kira ni.

"Uwata, rasuwa aka yi a waje?"

"A'a, Baba. Me ka ji?"

"Ina jin numfashin mutane, amma ban ji magana ba."

Ji kawai yake yi, don idonsa ya tafi shekara huɗu ke nan. Abokan darar suka yi ta zarewa, wani tsufa, wani ƙaura, har na ƙarshensu, Malam Ashafa, ya riga mu gidan gaskiya bara waccan. Daga nan dara ta dawo cikin zaure, ni kuma na zama ɗan tawaye. Mace ba ta dara a garinmu, na sani, amma wa zai gani? Kullum bayan La'asar sai in yayyafa wa rairayin ruwa, in gyara guraben da bayan cokali, in shimfiɗa masa buzunsa. Ba ya lalube da hannu, don in ya taɓa karan zubewa suke. Ni nake faɗa masa inda na sa, shi kuma ya faɗa mini inda zan sa masa. Gurabe talatin ɗin nan duk a kansa suke zaune, bai taɓa cewa in maimaita ba. Ita ce taƙamarsa da ta rage, ya san kansa bai tafi tare da idon ba.

To, kada ku ɗauka ni waliyyiya ce. Ni ma ina buga gem, kuma ina sonsa. A nan ma na san Jamaluddeen. Lokacin ina karatu a Dutsin-Ma na kai masa wayata gyara a shagonsa na bakin tasha, ya ga gem ɗin da ke ciki, ya yi dariya ya ce ashe 'yar gida ce. Irin wanda kowa ke zaɓar abin da zai zama ne, a haɗu a tafi yaƙi tare. Shi mayaƙi, ni mai magani, in an sare shi in tashe shi. Shekara uku muna haka, har abin ya tashi daga waya ya zo ƙofar gidanmu da goro.

Sau uku kawunnansa suna zuwa. Na farko Baba ya ce a bari a yi girbi. Na biyu ya ce a bari Dada ta warke daga ciwon ƙafa. Dada kuwa ta ɗaga murya daga tsakar gida ta ce ita ƙafarta ba ta riƙe auren kowa ba. A na uku ne ya fito da abin da ya sa kawunnan suka kalli juna.

"Ban hana ba," in ji shi. "Amma ɗiyata ba ta tahiya gidan wanda bai iya riƙe gurbi talatin ba. Yaron ya zo ya ci ni dara. Zama uku na ba shi."

Suka ɗauka raha ce, suka yi dariya. Shi bai yi ba.

Da suka tafi, Dada ta same ni a madafa ina tace gasara. Ba ta kama sunan Baba, ɗan fari ne, Malam take ce masa.

"Takwara, kin ji abin da Malam ya ɗauko? Ina aka taɓa yi? Suruki da suruki gwiwa da gwiwa, ga ɗiya a tsakiya tana ƙirga masu tsakuwa! Wanga abu ko a garin mahaukata."

"To Dada, ki yi masa magana mana."

"Na yi har bakina ya bushe. Ke kuma kin zauna kina tona rami kamar gafiya, ƙanwarki na shirin aurar da ɗiya. In kin ga dama ki tsufa nan, mu raba goro da ke."

Dariya na yi, amma da ta juya sai da na share ido da gefen zane. Na san abin da ke damun Baba, kuma ba iya dara ko rashin iyawar Jamaluddeen ba ne. Tsoron La'asar yake yi, ranar da za ta yi ba kowa a gabansa. Ban ga laifinsa ba, kuma wallahi wani lokaci haushinsa nake ji har wuya. Duka biyun a cikina suke.

Jamaluddeen ya ɗauki abin da sauƙi. Ya sauke dara a waya, ya yi mako biyu yana bugawa tsakanin gyaran wannan waya da waccan, har ya rubuto mini: "Rahma, dara fa ba ta mutu ba, gida ta sake. Ga ta nan a waya, na ci mutum tara yau." Da na gaya wa Baba, sai ya ce, "In an ci shi a can, wa ke yi mashi dariya?" Na ce ba kowa. Ya ce to ba dara ba ce.

Asabar ta farko ya zo cikin farin yadi da hula ruwan ƙasa, ya tuɓe takalmi tun daga gindin dalbejiya, ya shigo zaure a durƙushe. Ni ina gefe cikin hijabi ruwan toka har ƙasa, kaina a sunkuye, kunya kamar ƙasa ta tsage. Aikina in faɗa wa Baba duk inda tsakuwa ta sauka, in kuma tura masa karansa. Ba a yi rabin awa ba aka gama.

"An kama Birchi!" in ji Baba, yana buga cinya. "An shiga Makera da rana tsaka! Ɗan tawaye ya ruga ya bar takalmi a gindin itace!"

Dara kuwa sai da ramuwar baki take daɗi, amma wane saurayi ne zai mayar wa uban budurwarsa da habaici? Gumi na bin wuyan rigarsa, Jamaluddeen ya ce, "Haka ne, Baba."

Asabar ta biyu ya ɗan daɗe, har ya ci kara biyu, sannan aka share shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai, ranakun nan biyu Baba sai da ya ƙara dambu, ya kuma sa na ɗauko masa babbar rigarsa ta saƙi wadda rabonsa da ita tun jana'izar Malam Ashafa. Na daɗe ban ga haƙoransa a waje haka ba.

Saura zama ɗaya. Ana wata ga wata, Hajiyar Jamaluddeen ta gaji. Ta ce ita ba a taɓa auna ɗanta da tsakuwa ba, in aka yi Sallar layya ba a sa rana ba, akwai ɗiyar ƙanenta da ta gama makaranta tana zaune. Ranar Juma'a da hantsi, ina wanki a bakin rijiya, saƙonsa ya shigo. Na goge kumfa a zane na duba.

"Rahma, ba zan iya cin Baba ba. Ko shekara zan yi."

"To ya za mu yi?"

"Gurbi ɗaya kawai nake nema a wurinki. Tsakuwata ta ƙarshe zan dasa ta a na biyar, layin Makera. Ki ce masa na huɗu. Na gwada a waya ya fi sau ashirin, in bai tare nan ba zan samu doki."

Doki shi ne in ka samu wurin da duk turawa ɗaya sai ka jera uku, ka je ka dawo kana ci. Wanda aka hau wa doki ya gama yawo.

Na rubuta: "Ai da ka jera zai gane. Guraben suna kansa."

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Sannan ya turo: "Sai ki ce na biyar kika ce. Zai ɗauka mantuwa ce. Tsoho ne, ba abin kunya ba ne."

Na kife wayar a kan murfin bokiti. Ya yi ta kira ban ɗauka ba. Bayan an sauko daga masallaci ya turo murya, kuma da jin ta kuka yake dannewa. Ya ce shekara uku bai kalli kowa ba, ya ce shi ba cutar Baba yake nufi ba, kullum Asabar zai riƙa kawo ni a babur mu yi masa dara. Ya ce, "Ke ce mai tashe ni in na faɗi, Rahma. Wannan karon ba gem ba ne." Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na shanya kayan, har da waɗanda ban ɗauraye ba.

Asabar ta zo. Na sa atamfata mai ganye-ganye wadda ya ce tana yi mini kyau, sannan na lulluɓe ta da hijabi kamar mai ɓoye laifi. Na yayyafa ruwa, na gyara gurabe. Garin gyarawa na rushe guda biyu a layin Kurfi. Dada ta ja kujerarta ta tsugunno bayan ƙyaure, ba don ta san dara ba, don dai a yi a gabanta.

Aka fara dasawa. Baba yana cikin nishaɗi, yana ta yi wa dakarunsa kirari.

"Na uku, layin Ɗantutture," na ce.

"Madalla. Sa mani na biyu a Birchi, a tsare mashigi."

Haka muka yi ta yi, tsakuwa na raguwa a hannun Jamaluddeen. Biyar, uku, biyu. Har lokacin ina gaya wa kaina gaskiya zan faɗa. Ya ɗauki ta ƙarshe, bai dube ni ba, ya ajiye ta a na biyar. Na tuna Saudatu da goyonta, na tuna ɗiyar ƙanen Hajiya da ban taɓa gani ba, na hango kaina da furfura ina yayyafa wa rairayi ruwa.

"Ina ya sa, Uwata?"

"Na huɗu, layin Makera."

Muryata ce, amma kamar daga ɗakin Dada ta fito.

"Na huɗu? Kai, yaro, ka zubar da ita banza." Ya yi dariya. "Tura mani na Dutsin-Ma gaba, mu tahi cin gari."

Na tura. Jamaluddeen ya matsar da tasa, na faɗa. Baba ya sake turawa. A turawa ta gaba tsakuwa uku suka jeru reras, Jamaluddeen ya miƙa hannu ya zare kara guda.

"Ya ci, Baba," na ce.

"Ya ci mi? Ta ina?"

"Ta na biyar."

"Babu tsakuwa a na biyar. Ta ƙarshe na huɗu kika ce."

A nan ne fa, jama'a. A nan Allah ya buɗe mini ƙofa, da na ce tuntuɓen harshe na yi, a rushe a sake, da shi ke nan. Ina jin ƙarar gem ɗin samari daga gindin dalbejiya.

"Na biyar na ce, Baba."

Ya ɗaga kai sama kamar mai duba wani abu a jikin azara, leɓensa na motsi, yana sake bin dasawar tun daga farko.

"Na biyar kika ce?"

"Na biyar."

"To," in ji shi a hankali. "To."

Daga nan kirari ya ɗauke. Duk turawar da na faɗa sai ya ce in maimaita, wani lokaci sau biyu. Jamaluddeen ya hau dokinsa, ya je ya ci, ya dawo ya ci, kansa a ƙasa. Da karan Baba suka koma biyu, ya ɗaga hannu.

"Ka ci, yaro. Ka ce ma magabatanka su zo Juma'a ta sama."

Dada ta saki guɗa daga bayan ƙyaure, da muryarta ta tsufa mai karkarwa. Jamaluddeen ya yi godiya ya fi a ƙirga, ya fita da baya. Ko babur bai tayar ba saƙonsa ya shigo: "Alhamdulillah! Amaryata." Da hotunan zuciya guda shida. Na kwashe karan na zuba a tsohon gwangwanin madarar da muke ajiye su, Baba yana zaune bai motsa ba har aka kira Magariba.

Na zaci fushin kaye ne, kwana ɗaya ya wuce. Ranar Lahadi da La'asar na ɗauko ruwan yayyafi, ya ce in bari, kansa na ciwo. Ranar Litinin sau uku yana tambayata ko ya sha maganinsa, alhali shi ne ke tuna mini. Da Azahar na ga ya idar da salla ya ƙara sujada biyu, da La'asar ma haka. Karatun da yake yi da ka kowace safiya, wanda tun ina cikin zanen goyo nake ji, ya daina ɗaga murya. Na matsa kusa na ji yana karanta aya ɗaya, ya tsaya, ya koma baya, ya sake tsayawa. Da yayana ya ji labarin sa rana ya bugo waya daga Kaduna, Baba ya miƙo mini ya ce in yi magana da shi, kada ya faɗi wani abu ba daidai ba.

Na shige bayan rumbu na rubuta wa Jamaluddeen: "Baba ya ɗauka hankalinsa ne ya fara gushewa. Zan gaya masa."

Nan take ya amsa: "Don Allah Rahma kar ki rusa mu. In ya ji, ni da gidanku har abada. Hajiya har ta aika a sayo akwati. Zai warware, ki ba shi lokaci."

Gaskiyarsa ne, shi ne abin haushin. In na faɗa, na rasa Jamaluddeen, kuma Baba zai san idon da ya jingina da shi shekara huɗu ya sayar da shi a gaban baƙo. In na yi shiru, ina kallo yana rushewa a kan ƙaryar da ba ta kai tsawon numfashi ɗaya ba. Gaba kura, baya sayaki. Dada kuwa sai lissafin gara take, tana tsokanata wai amarya ta fara ramar zumuɗi.

Jiya Talata, bayan La'asar, ya kira ni zaure. Yana zaune a buzunsa, ba babbar riga, daga shi sai 'yar shara. Guraben suna nan yadda muka bar su, gefensu ya bushe ya fara zubewa.

"Zauna, Uwata."

Na zauna a wurina na kullum.

"Ki share guraben ga. Karan kuma ki ba Dada ta hura wuta."

"Baba, don an ci ka sau ɗaya?"

"Ba cin ba ne. An sha ci na ina yaro." Ya shafa gemu. "Shekara hamsin ban taɓa ɓatar da gurbi ba. Kwana uku ina bin darar ga a kaina, kuma har yanzu na huɗu nike ji da kunnena. Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Haka na Malam Ashafa ya hwara, yana rantsuwa a kan abin da ba a yi ba."

Hawaye suka zubo mini, na danne baki da hijabi don kada ya ji.

"Na gode maki," in ji shi. "Da wata ce, da ta ji nauyina ta ce e Baba, na huɗu ne, ta bar ni ina shirme gaban surukina. Ke kika tsaya kan gaskiya. Kuma gara da aka yi yanzu, ki tahi ɗakinki tun ina gane ki."

Ya lalubo hannuna ya riƙe, abin da bai taɓa yi ba tun da na girma. Tafinsa da sanyi.

"Abu guda nike so ki hwaɗa mani, kuma kada ki ji tausayina. Ke ce kullum a gabana, ke za ki sani." Ya juyo da fuskarsa daidai inda yake jin numfashina. "Tun yaushe kika lura kaina ya hwara tahiya?"